Waziri Buhari na Sakkwato, mai ɗaukar kayan da kowa ya ƙi

 Shafin tarihi na wannan fitowa ya faɗa kan Muhammadu Buhari, Wazirin Sakkwato daga 1886 zuwa 1910. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi shahada a Burmi, kowa ya san sunansa. Wazirin da ya koma gari ya miƙa wuya ga Nasara kuwa, ba a cika ambatonsa a dandali ba. Ga tarihinsa, domin kowa ya auna da hankalinsa.

1. Aikin da ba mai so

Kowane gari yana da aikin da ba ya baruwa, amma ba mai son a ce shi ya yi shi. A fadar sarakunan da, akwai hauni, mai sare kan wanda shari'a ta yanke wa kisa. Akwai dogari mai kamu da bulala. Akwai jakada mai zuwa karɓar haraji ko da damina ba ta yi kyau ba. Jama'a tana barci lafiya saboda su, amma ba uban da ke fatan ɗansa ya gaje su.

A cikin manyan fada ma akwai mai irin wannan kaya, shi ne waziri. Sarki ba ya zuwa da kansa ya tuɓe wani sarki. Ba ya zama da baƙo su yi ciniki. Waziri ake aikawa. In abu ya yi kyau, a ce sarki ya yi adalci; in ya ɓaci, a ce waziri ne ya kai saƙon. Magabata sun ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Sau uku aka zuba wa Waziri Buhari irin wannan shara: a Kano cikin 1893, a Sakkwato cikin 1903, da kuma a Satiru cikin 1906.

2. Asalinsa

An haifi Buhari wajen 1842. Ubansa Ahmadu ɗan Gidado ne. Gidado ɗan Laima shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma shi ne mijin Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ke nan Buhari jikan Nana Asma'u ne, kuma ya girma ya zama saurayi tana da rai, tun da sai 1864 ta rasu. Gidansu na malamai ne da marubuta, a unguwar da ake kira Gidadawa cikin Sakkwato. Sarautar waziri tana zagayawa cikin wannan zuriya. A 1886, zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, ta zo kan Buhari bayan baffansa Abdullahi Bayero.

Mene ne aikin? Daular Sakkwato tana da sarakuna da yawa, kowane da ƙofarsa, watau babban bafadan da yake bi ta hannunsa kafin ya kai ga Sarkin Musulmi. Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu ƙasashen gabas. Shi ke rubuta wasiƙu, shi ke fita rangadi ya yi watanni bisa doki, shi ke tattaro gaisuwar sarakuna, shi ke kai rawani in sarki ya rasu. Waziri ya fi kowa sanin ƙarfin daula da rauninta, domin da idonsa yake gani.

Wannan tarihi ya shafe mu nan Nijar. A Maratta aka haifi Shehu a 1754, kusa da Galmi ta yanzu, kuma ya zo har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umar. Daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. A lokacin ba iyakar da ta raba su.

3. Rawanin Kano, 1893

A 1891 Abdurrahman ɗan Atiku ya zama Sarkin Musulmi. Mutum ne mai zafin rai, ba ya karɓar shawara, har aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko. A 1892 ya kai yaƙi Argungu, Kabawa ƙarƙashin sarkinsu Sama'ila suka kore shi. A wannan yaƙi Tukur, Galadiman Kano, ɗan Sarkin Kano Bello, ya nuna jarumtaka, Sarkin Musulmi ya riƙe abin a zuciya.

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Waziri Buhari kuwa yana cikin Kano. Ya san halin da garin ke ciki. Bello ya yi shekaru yana tuɓe ƴaƴan wansa Abdullahi Maje Ƙarofi daga sarautunsu, yana sa nasa. Ƴaƴan Abdullahi suna da yawa, suna da jama'a, babbansu Yusufu shi mafi yawan mutane ke so. Waziri ya san naɗa Tukur zai kawo fitina. Umarnin Sarkin Musulmi kuwa shi ne a naɗa Tukur.

Ga abin da ke gabansa. In ya naɗa Tukur, Kano za ta rabu. In ya ƙi, waziri ya karya maganar Sarkin Musulmi a gaban sarakuna, kuma igiyar da ta ɗaure daula tun zamanin Bello ita ce biyayya ga Sakkwato. Ya zaɓi biyayya, ya naɗa Tukur.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Ƴaƴan Abdullahi suka ƙi mubaya'a, suka fita zuwa Takai da magoya bayansu. Aka shiga yaƙin da Kanawa ke kira Basasa, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Sarkin Musulmi ya umarci sauran sarakuna su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi sanyin jiki. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a wannan shekara. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, ya rasa ransa. An kashe mutane da yawa, an kama ƴaƴa an sayar da su bayi. Daga baya dole Sakkwato ta yarda da Aliyu, kuma Wazirin da ya naɗa Tukur shi ne dai ƙofar Kano da aka bi aka ɗinke ɓarakar.

A nan ba za mu wanke shi ba. Biyayyar da ya yi don kare martabar Sakkwato ita ta zubar da martabar, domin kowa ya ga an ƙwaci Kano da takobi, Sarkin Musulmi bai iya hanawa ba. Wannan ya faru ne shekara 8 kacal kafin Nasara su iso ƙofar birnin.

4. Nasara sun kewaye daula

Tun 1890 Ingila da Faransa suka ja layi bisa takarda daga Say zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, ba su tambayi kowa ba. A 1891 hafsan Faransa Monteil ya sauka Sakkwato neman yarjejeniya. Kamfanin Ingila mai ciniki a kogin Kwara shi ma yana aiko da mutanensa. A 1898 ƙasashen biyu suka sake zama, suka zana baka mai nisan kilomita 160 kewaye da Sakkwato, suka ce na ciki na Ingila ne.

A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya bi ta ƙasarmu. Ya faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, ya ƙone Birnin Ƙonni ya kashe mutanenta, kafin ƙarshen Yuli kuma Damagaram ta faɗi. Ta kudu, Lugga, wanda Turawa ke kira Lugard, ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci da Zazzau a 1902.

Duk waɗannan labarai gidan Waziri suke sauka. Bayan cin Sakkwato, Turawa sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidansa, waɗanda sarakuna suka aiko suna ba da labarin Nasara, suna neman shawara. An fassara su an buga a 1927. Mai karanta irin waɗannan wasiƙu shekara da shekaru ya san abin da bindiga mai ruwa ke yi wa doki da mashi.

Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi. A Sakkwato shawara ta kasu uku: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira. Ba a gama daidaitawa ba sojan Kanar Morland suka iso.

5. Giginya da Marnona, 1903

Ranar 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Sojan Nasara ba su kai dubu ba, amma suna da bindiga mai ruwa da igwa. Kafin rana ta take an watse. Wasu mazaje suka tsaya kewaye da tuta har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Waziri kuwa ya sami kansa a Marnona, wajen Wurno, jama'a mai yawa ta taru gare shi: malamai, tsofaffi, mata, yara, waɗanda suka bar gidajensu ba guzuri. Watan Maris ne, bazara ta kama.

Sai mu gane nauyin abin. Shehu da kansa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma ya wallafa littafi mai suna Bayan Wujubil Hijra, inda ya nuna wajabcin barin ƙasar da kafirci ya rinjaya. A kan wannan aka kafa daula. Jikan ƴar Shehu ya koma ya zauna ƙarƙashin Nasara, wannan a idon mutane kamar rushe ginin kakansa ne. Amma ina za a kai dubban mutane? Arewa Faransa ce, kudu Ingila ce, gabas ma sun tare hanya.

Waziri bai yanke shi kaɗai ba. Ya tara malaman da ke tare da shi, ya ce su duba littattafai. Suka kafa hujja da abin da ake kira taƙiyya, wanda aya ta 28 cikin Suratu Ali Imrana ta yi nuni gare shi: in Musulmi suka ji tsoron halaka daga wanda ya fi ƙarfinsu, ya halatta su yi masa biyayya a zahiri, cikin al'amuran duniya, zuciya kuwa tana nan inda take. Sharaɗin shi ne kada a hana salla da azumi da zakka da hajji. Da wannan fatawa Waziri ya aika wa Nasara, ya koma birni da jama'a.

Lugga ya iso ranar 19 ga Maris. Masu zaɓen sarki suka zauna, ranar 21 ga wata aka tsai da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, alhali na farko yana raye bisa hanya. Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Ya kuma faɗa a fili cewa daga ranar ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon haraji da na ƙasa, sun koma hannun Ingila, kuma an hana harin bayi da cinikinsu. Aikin da gidan Gidado ya riƙe shekara fiye da 80, watau kai rawani ga sarakuna, a ranar ya fita hannunsu, kuma Waziri yana zaune yana ji.

Waɗanda suka bi Attahiru na farko sun yi yawa. Manoma suka bar gonaki, sarakuna suka bar gadajensu. Nasara suka bi su har Burmi, a ƙasar Gwambe. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru tare da mutane fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu.

Zuciyar Waziri ba ta kwanta ba. Ya riƙa tsoron ko abin da ya yi ya taɓa imaninsa. Ya rubuta wa Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, yana neman bayani. Alƙali ya amsa masa cewa irin wannan jarrabawa ta sami Musulmi a da, kamar lokacin da Tattar suka ci Bagadaza a 1258, kuma addini bai ƙare ba. Ya nuna masa cewa in malamai da shugabanni duk suka tashi, raunanan da ba su iya tafiya za su zauna ba mai ja musu salla, ba mai yi musu shari'a, ƙasa ta zama abin da ake gudu. Waziri ya tattara dukan wannan, har da shakkar da ta dame shi, cikin wata takarda da ake kira Risalatul Wazir, ya yi ta zuwa ga ma'abota ilimi da tunani. Bai ce abin da ya yi alheri ne ba. Ya ce lalura ce, ya ajiye hujjarsa a gaban masu iya kama shi da kuskure.

6. Satiru, 1906

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu magana. Amma wanda ya durƙusa sau ɗaya, ana iya cewa ya ƙara. Shekara uku bayan Giginya aka zo karɓar bashin.

Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, kamar tafiyar rabin yini. Talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, suna jiran Mahadi, ba sa son Nasara, ba sa son sarakuna. A ƙarshen 1905 mutanen Kobkitanda a ƙasar Doso suka tayar wa Faransa, Karma ma ta tashi a farkon 1906. Da aka murƙushe Kobkitanda, malaminsu makaho, Saibu, wanda Hausawa ke kira Ɗan Makaho, ya tsallaka zuwa Satiru. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da soja fiye da 20.

A ranar Nasara ba su da ƙarfi a Sakkwato. Da birni ya tashi, da labari ya sake. Sarkin Musulmi da majalisarsa, wadda Waziri ke gabanta, suka tsaya tare da Nasara. Marafa Maiturare ya fita da dawaki. Ranar 10 ga Maris sojan Ingila suka faɗa wa Satiru, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin. Ɗan Makaho da wasu aka yanke musu hukunci, aka kashe su a Sakkwato.

Masu kare fada suna cewa da birni ya bi Satiru, da abin da ya sami ƙauye shi zai sami Sakkwato. Wataƙila haka ne. Amma a 1903 mutuncin Waziri ne aka bayar don a fanshi talakawa. A 1906 talakawa ne aka bayar, kuma cikin abin da aka fansa har da gadon sarauta da bayin masu sarauta. Hujjar Marnona ba ta isa ta rufe Satiru ba.

7. Ƙarshensa da abin da ya bari

Waziri Buhari ya rasu a 1910. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya riƙe har rasuwarsa a 1997, kuma shi ya adana littattafai da wasiƙun gidan da masu binciken tarihi suka dogara da su. Masallatai da makarantun allo da kotunan alƙalai na Sakkwato sun ci gaba, sarautar Sarkin Musulmi ta wuce zamanin Turawa.

Mu da ke zaune a ƙasar Abzin mun san yadda ɗaya hanyar take. A watan Disamba 1916 Kawusan da Sarkin Abzin Tagama suka kewaye barikin Faransa a Agadas. Ranar 3 ga Maris 1917 sojan da suka taso daga Damagaram suka karya kewayen. Mayaƙa suka janye cikin duwatsu, waɗanda suka rage a gari su suka sha wuya: an kashe fiye da mutum 100, cikinsu har da malaman da suka fake a masallaci. Kawusan ya mutu a Murzuk a 1919, Tagama a kurkuku a 1920. Muna girmama su, kuma sun cancanta. Amma ranar da sojan Faransa suka shigo, Agadas ba ta da wani mai nauyin Waziri da zai tsaya tsakaninsu da jama'a.

Attahiru ya bar wa jama'a abin alfahari, Waziri ya bar musu gari. Al'umma tana bukatar duka biyu, ko da yake ɗaya kaɗai take yi wa kirari. Abin lura shi ne yadda za a bambanta mai ɗaukar kayan jama'a da maci amana, domin a ido kamarsu ɗaya, kuma kowane azzalumi yana iya cewa lalura ce ta sa shi. Rayuwar Waziri ta ba mu ma'auni. Shin ya yi shawara da masana, ko shi kaɗai ya yanke? Shin ya zauna cikin mutanen da ya yanke wa, yana shan abin da suke sha? Shin ya bayyana hujjarsa a fili, ya kira mugun abu da sunansa? Kuma wa ya biya kuɗin, shi ko raunana? A Marnona ya cika ma'aunin. A Kano ya bi umarnin da ya san kuskure ne. A Satiru raunana suka biya.

Irin wannan kaya yana nan cikinmu, ko da yake ƙarami ne. Ma'ajin da ya hana ɗan'uwa rance don kada asusu ya karye, wakilin ma'aikata da ya sa hannu a sulhun da bai gamsar da kowa ba, dattijon da aka aika gida da labarin rasuwa ko na raba gado, duk sun san ɗacinsa. Kafin mu zage su, mu auna su da waɗannan tambayoyi huɗu. Su ma kafin su ce dole ce ta sa su, su auna kansu.

Allah ya jiƙan Waziri Buhari, ya jiƙan Attahiru da mutanen Burmi, da na Satiru, da na Agadas. Allah ya ba shugabanninmu ikon ɗaukar nauyi da gaskiya, amin. Wassalam.